Malam da Gilashin Hauwa Biyu

Shekara tara ke nan cif da rasuwar maigidana. Ranar wata Laraba ce bayan la'asar, ana tsakiyar yankan shinkafa. Mutanen Yelwa da suka san shi suna ce masa Malam na ɗakin gwaji, domin a nan ya yi aikinsa duka, a wani asibiti na yankinmu, shekara talatin da ɗoriya tsakanin kwalabe da gilasai. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Kowace shekara addu'a muke yi a gida, a raba waina, a watse. Bana na ga ya kamata in rubuta, saboda abin da na gani a wurin aikin 'yarmu.

Safiya, 'yarmu ta uku, ita ta gaji aikinsa. Tana wani babban asibiti a birni. Watan jiya na je a duba mini ido, da aka gama sai ta ce, “Inna, kahin ki koma, zo ki ga abin da Baba bai gani ba.”

Wata na'ura ce fara, girmanta bai wuce ƙaramin firji ba. Sikana suke ce mata. Ana jera ƙananan gilasai a wani faranti mai ramuka, a tura ciki, a rufe. Ba ta da ƙara, sai ɗan gurnani irin na kyanwa. Bayan 'yan mintoci hoton abin da ke kan gilashin ya fito a fuskar kwamfuta, shuɗi-shuɗi da ja-ja kamar zanen atamfa. Safiya ta murza wani abu da yatsa, ɗigo ɗaya ya buɗe ya cika fuskar. Ta sake murzawa, ya ƙara buɗewa. Ta ce babban likitan da ke karanta wannan hoton ba lallai ne yana cikin ginin ba. Yana iya zama a wani gari ko wata ƙasa, ya buɗe ya duba, ya kira ɗan'uwansa likita su duba tare, gilashin kuwa yana nan inda yake, ko motsi bai yi ba.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in faɗi yadda yake a zamanin Malam, bi da bi, kamar yadda na sha jin sa a bakinsa.

Mace za ta zo da ƙullutu a nono ko a wuya. Likita ya sa siririyar allura ya tsotso ɗan abin da ke ciki. Malam ya karɓa ya shafa a kan gilashi mai tsawon ɗan yatsa, ya tsoma a sifirit, ya bari ya bushe. Ya karce lamba a gefen gilashin, ya rubuta lambar a katin mai ciwon, ya rubuta ta a babban littafinsa. Daga nan ya jera gilasan a akwatin katako mai tsaga-tsaga, ya cusa auduga, ya ɗaure da igiya, ya kai tasha da kansa ya danƙa wa direban Sakkwato hannu da hannu. A can ne babban likita zai ɗora gilashin a madubinsa mai ƙara girman abu ya faɗi ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne. Sai jira. Wani lokaci sati uku, wani lokaci shida. Akwai ranar da akwatin ya isa gilasai huɗu a fashe, aka sake kiran mata huɗu aka sake soka musu allura. Malam ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Saboda haka na san abin da zai fara yi da ya ga na'urar Safiya. Zai zagaya ta sau biyu hannu a baya. Zai tambayi wanda yake goge gilashin kafin a saka, domin a wurinsa yatsa ɗaya mai maiƙo ya isa ya ɓata aikin yini. Zai tambayi abin da ake yi in an ɗauke wuta, kuma zai yi tsaki in ya ji har yanzu daga garuruwanmu a mota gilashin yake zuwa birni, sai daga can hoton yake tashi. Amma zai yi murna. Mutum ne da ya tsani jira a madadin marar lafiya.

Bayan murnar zai nuna 'yar farar takardar da aka manna a gefen kowane gilashi, mai baƙaƙen ɗige-ɗige da na'urar take karantawa a maimakon rubutun hannu, ya ce, “Wa ya manna wagga? Kuma wa ya hwaɗa mishi sunan mai ita?” Na tabbata da wannan tambayar, domin na san inda ta samo asali. Da ni aka yi.

Kimanin shekara ashirin da suka wuce, cikin damina, wani magidanci ya zo ɗakin gwaji karɓar takardar yayarsa Hauwa. Malam ya nemi kati. Mutumin ya ciro wani abu daga aljihu kamar tuwon da aka taka, ya ce ruwan sama ya dake su a jirgin ruwa. Lambar ta wanke. Malam ya buɗe aljihun tebur, ya ga ambulan a sama, ya karanta, “Hauwa Muhammad?” Mutumin da ya ji Hauwa sai ya ce i. Malam ya ba shi. Suka kai wa likita, likita ya duba ya ce ba daji ba ne, ƙullutu ne mai sauƙi, su koma gida su gode wa Allah.

Bayan kwana tara wata mata ta zo daga wajen Shanga, katinta tsaf cikin leda. Hauwa Muhammad. Malam ya duba lambarta a littafi, ya ga ita ce lambar takardar da ya riga ya bayar. Ya tona aljihun tebur, can ƙasa ya sami wani ambulan mai wannan sunan. Mata biyu ne, sati guda tsakanin zuwansu, sakamakonsu ya dawo a buhu ɗaya. Ta Shanga lafiyarta lau, ya kwafe mata daga littafi ta tafi da farin cikinta na gaskiya. Takardar da ta rage a hannunsa ta ce daji ne, kuma a gaggauta. Mai ita kuwa tana can gida tana ganin ta warke.

Ya dawo gida da azahar, abin da ba ya yi. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina da takalmi a ƙafarsa. Ya ce, “Innar Safiya, na sallami mace da ciwon daji na ce mata lahiyarta lau.” Ban ba shi haƙuri ba, domin na ga ba shi yake nema ba. Na tambaye shi inda take. Ya ce abin da akawun kati ya rubuta kawai shi ne, Ngaski, bakin ruwa.

Wanda ya san ƙasar Ngaski ya san wannan ba adireshi ba ne. Daga inda kogi ya fara buɗewa ya zama tafki har Wara da gabanta duk bakin ruwa ne, ga tsibirai, ga tungayen masunta da ke tashi su sauka da cikar ruwa. Malam ya faɗa wa likita gaskiya a ranar, bai ɓoye komai ba. Aka ba da cigiya a rediyo, ba a ambaci ciwo ba, an dai ce Hauwa Muhammad daga ƙasar Ngaski ta zo asibiti ana nemanta. Aka yi sati, shiru. Sai ya ɗauki hutu ya ce zai bi ta da ƙafa. Ya ce in shirya, domin shi namiji ne, iyakarsa zaure, ni ce zan shiga cikin gidaje.

Tafiya ta farko mun bi jirgin kasuwa zuwa Wara. Malam ya je wurin masu unguwanni aka lissafa masa masu suna Muhammadu da ke da mace Hauwa, domin a asibitin sunan miji ake rubutawa bayan na mace. Na shiga gida shida. Na sha fura shida. Babu wadda ta taɓa zuwa asibitinmu.

Tafiya ta biyu mun ɗauki kwalekwale mai inji muka bi tungaye. Ruwa ya cika, iska tana kaɗawa, ni kuwa ban iya ruwa ba, na riƙe gefen jirgin har yatsuna suka sandare. Malam ya zauna a gabana, ambulan ɗin a cikin leda biyu a ƙirjinsa. A tunga ta uku na sami wata Hauwa tana gyaran kifi. Na gaishe ta, na ce ko sunan maigidanta Muhammadu. Ta ajiye wuƙa, ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ta ce, “Haba baiwar Allah! Ni za ki sa in hwaɗi sunanshi? Ke kina hwaɗin na naki?”

A hanyar dawowa maganarta ta tsaya mini a rai. Gaskiya ta faɗa. Macen da ta sami tarbiyya a ƙasar nan ba ta kiran sunan mijinta, ko a gaban alƙali sai an sha fama. To in haka ne, wa ya faɗa wa akawu Muhammad? Washegari na yafa mayafi na tafi asibitin da kaina, na sami akawun kati a tagarsa. Dattijo ne, mun san juna. Na tambaye shi yadda yake samun sunan miji a bakin matan ƙauye.

Ya ce, “Ai Hajiya, ba su hwaɗi. Wata ta ce mai sunan Annabi, in rubuta Muhammad. Wata ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ita ma in rubuta Muhammad. Layi na da tsawo.”

Na ce, “Annabi guda ka sani? A makarantar wa ka yi allo? Ina ka kai su Annabi Musa da Annabi Isa da Annabi Yusufu?”

Ban tsaya jin amsa ba.

Ashe mun yi sati uku muna neman matar mutumin da ba shi ne mijinta ba. Ita ma ko ta ji cigiyar a rediyo ba za ta waiwaya ba, domin ba ta san an raɗa mata wannan sunan ba. Kuma sunan ya sa ƙafarmu ta tsaya a unguwannin Musulmi kaɗai, alhali a ƙauyukan nan gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kuma Hauwa suna ne na kowa.

Tafiya ta uku ba mu tambayi sunan miji ba. Na riƙa tambayar mata ko sun san wata Hauwa da ta je asibiti a farkon damina ta dawo da labari mai daɗi. A wani ƙauye da ke bayan Wara, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, “Matar Iliya kike nuhi. Ai a coci ta tashi ta yi godiya gaban jama'a, har kaza sunka yanka.”

Mun isa gidan da hantsi. Malam ya zauna da Iliya a gindin ɗorawa, ni na shiga. Na same ta tana sheƙar gero, doguwar mace, ba ta kai arba'in ba, da goyo a bayanta. Ta ba ni tabarma da ruwa. Na sha, domin in sami abin yi da bakina. Daga nan na faɗa mata a jere, ban yi kwana-kwana ba: takardar da aka ba ƙanenta ba tata ba ce, tata tana waje a hannun maigidana, kuma ga abin da ta ce.

Ta ajiye faifai. Ta kwance goyon ta rungume shi ta gaba. Can ta ce, “To, godiyar da na yi gaban mutane, in je in amso ta?”

Na ce, “Bar godiyarki inda take. Da ba ki yi ta gaban mutane ba, da ba mu same ki ba.”

A waje abin bai zo da sauƙi ba. Da muka fito na tarar Malam ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban wani namiji ba. Ya riga ya faɗa wa Iliya cewa laifin nasa ne, shi ya ba da takarda bai ga lamba ba. Bai ambaci akawu ba, bai ambaci ruwan sama ba. Iliya ya ce daji ba ya son ƙarfe, kowa ya sani, in an taɓa shi da wuƙa bazuwa yake yi. Sa'annan ya ce, “Takarda guda ta ce lahiya, guda ta ce daji, kuma duk daga hannunka sunka hito. Don mi zan yarda da ta biyu?”

Malam ya ce, “Kada ka yarda da ni. Ban cancanta ba. Mu tahi Sakkwato tare, a sake ɗiba gabanka, wanda ya hi ni sani ya duba. In ƙarya na kawo maka, ka tara mutanen garinku ka hwaɗa musu.”

Hauwa ce ta yanke maganar daga bakin ƙofa. Ta ce, “Mutumin da ya biyo ruwa sau uku don ya ce ya yi kuskure, ni zan bi shi.”

Sun tafi su uku. Aka sake ɗiba, aka sake dubawa, daji ne. Malam ya ba ni labarin cewa babban likitan ya zaunar da Iliya a gaban madubin don ya gani da idonsa, Iliya ya runtse ido ɗaya ya leƙa ya leƙa, ya ce shi dai hayaƙi yake gani. A ranar da na tsaya gaban kwamfutar Safiya wannan ne ya faɗo mini. Da a lokacin akwai wannan hoton mai faɗi, da likita ya nuna wa miji da mata da yatsa, ga lafiyayyen wuri, ga inda ya lalace, su gani tare. Ina jin Malam zai fi son wannan a kan saurin na'urar.

An cire wa Hauwa nono ɗaya. An yi mata maganin da ya zubar mata da gashi ya baƙanta mata farce. Likitan bai ɓoye wa Malam ba cewa jinkirin ya yi ɓarna, ƙullutun ya ƙara girma, kuma ba ya iya alkawarin komai. Kwana talatin da huɗu ne tsakanin ranar da ya ba da takardar da ranar da muka same ta. Ya riƙe wannan adadin har ya mutu. In aka aiko cewa Hauwa tana tari, sai ya kasa zama. In damina ta kama, sai ya ce a tambayo masa lafiyarta wurin masu jirgi. Na sha yi masa faɗa cewa ya tuba, ya gyara, ya bar wa Allah sauran. Sai ya ce, “Na bar miShi. Tambaya kawai nike yi.”

Daga wannan shekarar ya sake tsarin aikinsa. Ba ya ba da takarda sai lamba ta dace da lamba. In kati ya lalace, sai mai ciwon ta zo da kanta, ta faɗi garinsu, da mashigin da take hawa jirgi, da gefen da aka soka mata allura. Mutane sun yi ta ƙorafi cewa Malam ya cika tsanani. Wani ɗan kasuwa ya taɓa zaginsa a bainar jama'a saboda ya hana shi takardar matarsa. Malam ya bari ya gama, ya ce, “Ka gama? To je ka zo da katin.”

Na ba Safiya wannan labarin a gaban na'urarta, ko da yake ta san shi. Ta ce yanzu ba a rubutu da hannu, ɗige-ɗigen nan ba sa wankewa, na'ura ba ta ɗaukar gilashin wata ta ba wata. Na ce na yarda. Amma har gobe akwai taga, akwai layi mai tsawo, akwai mutum a zaune yana tambayar matar ƙauye sunan mijinta, tana sunkuyar da kai. Abin da ya buga a nan shi na'urar za ta ɗauka ta kai ƙasar waje cikin ƙiftawar ido, ba za ta tambayi kowa ba. Safiya ba ta yi gardama ba. Ta ce za ta sauka ta zauna da masu ba da kati. Ina fata ta yi, kuma zan tambaye ta.

Idan na auna abin da Malam ya bari, ba shi da yawa a ido. Akwatin katakon gara ta cinye shi. Littattafansa suna wani sito, in ma ba a ƙone su ba. Yaran da ke ɗakin gwajin yanzu ba su san fuskarsa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Shi da yake tsoron Hauwa za ta riga shi saboda kwana talatin da huɗun nan, shi ya riga ta. Hawan jini ne, kwana uku ya yi a kwance. Ta zo gaisuwa ta zauna a ɗakina sati guda tana taya ni karɓar mutane.

Ranar Talatar da ta wuce ta sake zuwa, da bandar kifi a kwando kamar yadda ta saba. Ta yi furfura, amma ta fi ni ƙarfin ƙafa. Bayan mun gaisa ta ce goyon nan da na gani a bayanta ran nan, matarsa ta haihu, namiji. Iliya ya ce sunan Malam za a sa. Sai suka tsaya suna kallon juna, domin duk gidansu babu wanda ya san sunan.

Ta ce, “Shekara ashirin ina ce mishi Malam. Yaya, mi ne sunanshi?”

Na yi shekara talatin da shida a gidansa, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, kuma mutuwa ba ta sauƙaƙa shi ba. Na duba tsakar gida ko akwai wanda zan kira ya faɗa, babu kowa. Hauwa ba ta karatu, balle in rubuta mata. Na ji kunnuwana sun yi zafi kamar amarya. Na ce, “Mai sunan Annabi ne.”

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, “Ke ma? To wane daga ciki? Kada ki sa mu yi sati uku muna yawo a ruwa.”

Na ce, “Wanda kihi ya haɗiye, ya kawo shi bakin gaɓa ya aje.”

Ta daina dariya. Ta goge idonta da gefen mayafi, ta ce, “Ashe namu ne, na bakin ruwa.”

Jibi ne suna. Na riga na yi magana da mai jirgi, ya ce ruwa a kwance yake. Zan je in ɗauki yaron in yi masa addu'a irin tamu, su yi masa irin tasu. Sauran mutane za su riƙa kiransa da sunansa. Ni Maigida zan ce masa.